Yadda Ake Kula da Nannaɗaɗɗen Gashi Har Ya Daina Tashi Buzu-Buzu

Duk mai nannaɗaɗɗen gashi ta san wannan takaicin. Kin wanke kai, gashi na jiƙe ya kwanta luf, kowane nannaɗi ya fito gwanin sha'awa. Kafin awa biyu ya bushe, ki duba madubi ki tarar ya kumbura, wannan sili ya yi gabas wancan ya yi yamma, ga kaushi in kin taɓa. Abin da yawancinmu kan yi a nan shi ne mu ɗauko mai mu ƙara lafta masa, mu bi da mataji. Ni ma na daɗe ina yin haka, gashina kuwa bai daina karyewa ba sai da na gane cewa abu biyu ne ke damunsa: ƙishirwa da yawan taɓawa. Duk matakan da zan kawo a kan waɗannan biyun suka tsaya. Da mace nake magana don sauƙin zance, amma namijin da ya tara suma ma aikin ɗaya ne.

Abin da ke faruwa a jikin sili guda

Kowane silin gashi yana da sutura ta waje, wasu ƙananan ɓawo ne da suka hau kan juna kamar na jikin kifi, bakinsu na kallon ƙarshen gashi. A ƙarƙashinsu ne ainihin jikin gashin yake, wanda yawancinsa furotin ne da ake kira keratin. In ɓawon nan ya kwanta, gashi zai yi santsi da sheƙi, ya riƙe danshinsa. In ya ɗaga, danshi ya fice, silin ya yi ta sarƙewa da na kusa da shi.

Nannaɗaɗɗen gashi daga lanƙwasasshen rami yake tsirowa, kuma silinsa bai zagaye sosai ba, ya ɗan baje. Wannan ya jawo masa matsala biyu. Duk inda sili ya lanƙwasa, wurin yana da rauni, nan yake karyewa. Sannan maiƙon da fatar kai ke fitarwa da kanta, wanda kan gangara cikin sauƙi a jikin miƙaƙƙen gashi har ƙasa, a nannaɗaɗɗe sai ya maƙale a gindi. Shi ya sa za ki ga fatar kai da maiƙo, bakin gashi kuwa a bushe ƙayau.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce mabuɗin komai. A cikin keratin akwai wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu rauni da ruwa ke kwancewa, su sake ƙulluwa in gashi ya bushe, a duk siffar da bushewar ta same shi. In ya bushe silin suna haɗe cikin rukuni, haka zai zauna. In ya bushe suna warwatse, haka zai zauna. In kuma busasshen gashi ya shiga iska mai laima, sai ya zuƙi danshin iskar, kowane sili ya kumbura ya juya yadda ya ga dama. Wannan shi ne buzu-buzun da muke kuka da shi.

Za ki ji ana cewa gashin wance 3A ne, na wance 4C. Rabon ya samo asali ne daga Andre Walker, tsohon mai gyaran gashin Oprah Winfrey, fitacciyar mai gabatar da shirin talabijin a Amurka, wanda ya kasa gashi gida huɗu a shekarun 1990: na 1 miƙaƙƙe, na 2 mai ɗan lanƙwasa, na 3 nannaɗaɗɗe, na 4 mai matsattsen murɗi, harafin da ke bin lambar kuma ƙaramin rabo ne a cikin gidan. Yana da amfani wajen kwatance, amma kai ɗaya kan tara iri biyu ko uku, ƙeya daban, tsakiya daban. Abin da ya fi amfanar ki shi ne ki lura da yadda gashinki ke shan ruwa. In kika tsaya ƙarƙashin ruwa ya daɗe yana gangarewa bai jiƙe ba, sannan ya daɗe bai bushe ba, ɓawonsa a rufe yake, kayan shafa marasa nauyi da ɗan ɗumi yake so. In nan take ya jiƙe, nan take ya bushe, ɓawonsa a buɗe yake, yana bukatar abin da zai rufe masa danshi sosai. Gashin da ya sha rini ko zafi galibi irin mai buɗaɗɗen ɓawon nan ne.

Mataki na farko: kafin ruwa ya taɓa kai

Kada ki shiga wanka da cukurkuɗaɗɗen gashi a sake. Ki raba shi gida huɗu, in yana da cika ki yi shida ko takwas, ki murɗe kowane kashi ko ki kama shi da abin maƙalawa. A cikin kashi-kashin nan za ki yi komai har ki gama. Wannan kaɗai yana rage karyewa fiye da duk wani mai da za ki saya.

In gashin ya bushe sosai, ki shafa masa man kwakwa daga tsakiya zuwa baki, ki bar shi kamar rabin awa, ko ya kwana. Man kwakwa yana cikin 'yan mayukan da ke ratsa cikin sili, kuma wani bincike da aka wallafa a 2003 ya nuna yana rage asarar furotin da gashi ke yi wajen wanki da tajewa, abin da man furen rana da man ma'adini ba su yi ba a gwajin. Sai dai akwai gashin da man kwakwa ke sandarar da shi ya yi tauri. In naki haka yake, ki koma man zaitun, ko ki yi amfani da kwandishina kawai, wato man laushin gashi da ake shafawa bayan shamfu. Da yatsu za ki warware manyan ƙulle a wannan matakin, mataji bai zo ba tukuna.

Mataki na biyu: wanki

Sau ɗaya a mako ya wadatar da yawancin mutane. Mai yawan gumi ko mai maiƙon kai tana iya yin biyu, mai matsattsen murɗi tana iya kai kwana goma. Abin da ba na goyon baya shi ne barin kai wata guda ba wanki da sunan tattalin danshi. Fatar kai fata ce, datti da ragowar mai suna taruwa a kanta, ƙaiƙayi ya biyo baya.

Ki jiƙa kan sosai da ruwan ɗumi, wanda za ki iya barin hannunki a ciki ba damuwa. Ruwa mai zafi yana kwashe maiƙon da gashin ke bukata. Ki zuba shamfu a tafin hannu, ki ɗan sirka da ruwa, ki kai shi fatar kai. Da tsokar yatsu za ki cuɗa, farce yana yi wa fata rauni. Kada ki tattaro gashin ki ɗora a tsakiyar kai kina murzawa kamar mai wankin tufafi, nan ne ƙulli ke samuwa. Kumfar da za ta gangara lokacin ɗauraya ta isa ta wanke tsawonsa.

Game da zaɓen shamfu, ki juya kwalbar ki karanta abin da ke ciki. Sinadaran salfet, musamman wanda za ki ga an rubuta Sodium Lauryl Sulfate, suna da ƙarfin wanki da yawan kumfa, kuma suna barin nannaɗaɗɗen gashi da kaushi in ana yawan amfani da su. Shamfu mara salfet ya fi dacewa da wankin mako-mako. Amma ki ajiye mai ƙarfin a gefe, domin sau ɗaya a wata za ki bukace shi ya kankare abin da ya taru, musamman in kina shafa mai mai kauri ko kayan da ke da silikon. Alamar taruwar ita ce gashi ya yi nauyi, ya dushe, ki shafa masa komai ya ƙi sha. In ruwan da kike wanka da shi mai nauyi ne, irin wanda ke barin farin tabo a jikin famfo kuma sabulu ba ya kumfa da kyau a cikinsa, to sinadaran kalsiyam da magniziyam suna taruwa a gashin, kuma akwai shamfu na musamman da aka yi don cire su.

Sabulun wanka na sandar nan kada ya hau kanki. Fatar kai da gashi suna son abu mai ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin pH, wanda ke auna tsamin abu, sabulu kuwa yana kaiwa 9 ko 10. Irin wannan yana kumbura sili ya ɗaga ɓawonsa. Haka ma hodar bakin soda (baking soda) da wasu ke ba da shawarar a wanke kai da ita.

Mataki na uku: kwandishina da tsefewa

A nan ake cin riba, a nan kuma ake asara. Ki ɗan matse ruwan da ke zuba, ki ɗauki kashi ɗaya, ki shafa kwandishina a wadace daga baki zuwa sama, ki tsaya kafin ki kai fatar kai. Kada ki yi rowa. Ma'aunin shi ne ki ji gashin ya yi sulɓi a hannunki, yatsu na zamewa. In bai yi ba, ki ƙara ɗan ruwa kafin ki ƙara kwandishina, sau da yawa ruwan ne ya yi kaɗan.

Yanzu ne lokacin tsefewa, kuma yanzu kaɗai. Nannaɗaɗɗen gashi ba a taje shi a bushe. Mataji a busasshen gashi yana tarwatsa rukunin nannaɗi ya mai da shi sili-sili, ya kuma kakkarya shi a wuraren lanƙwasa. Ki fara da yatsu. In kin ci karo da ƙulli, ki riƙe gashin a samansa da hannu ɗaya don kada ki ja fatar kai, ki zare silin ɗaya bayan ɗaya da ɗaya hannun. Bayan yatsu sun wuce ba tsayawa, sai ki ɗauko mataji mai manyan haƙora, ki fara daga baki, ki hau sama kaɗan-kaɗan har gindi. Wadda ta fara daga gindi tana tura ƙananan ƙulle ne ƙasa su haɗu su zama babba. In kika ji ƙarar tsinkewa, ki tsaya, ki ƙara sulɓi. Kin gama kashi, ki sake murɗe shi, ki koma na gaba.

Gashin da za ki gani a hannunki kada ya tsorata ki. Mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a kullum, kuma a nannaɗaɗɗen kai waɗanda suka zube ba sa faɗuwa ƙasa, suna maƙalewa ne cikin 'yan'uwansu har ranar wanki. Na mako guda kike gani a lokaci ɗaya. Ki ɗauki sili ki duba: in dogo ne da ɗan farin ɗigo a gindinsa, zubewa ce ta al'ada. In gajeru ne birjik ba ɗigo, karyewa ce, kuma tana nuna bushewa ko garaje wajen tsefewa.

Wajen ɗauraya akwai dabarar da ta canja mini gashi ƙwarai. Maimakon ki sakar masa ruwa ya wanke komai tas, ki sunkuyar da kai, ki tari ruwa a tafin hannu, ki tallafo bakin gashin ki matsa shi sama zuwa fatar kai, ki saki, ki sake. Za ki ji yana ƙara caɓal-caɓal, ruwa mai fari-fari na zuba. Kina tura ruwa ne da kwandishina cikin gashin, kuma a idonki za ki ga silin suna haɗuwa rukuni-rukuni. Ki tabbata dai fatar kai ta fita tas.

Mataki na huɗu: jiƙo mai zurfi

Duk mako biyu, ko duk mako in gashin ya wahala, ki maye gurbin kwandishina da irin mai kaurin nan da ake bari ya jima. Ki shafa, ki rufe da hular leda, ki naɗa tawul mai ɗumi a kai, minti 20 zuwa 30. Kwana da shi ba ya ƙara komai, gashin da ya daɗe a jiƙe ma laushi yake yi fiye da kima.

Ki koyi bambanta ƙishirwa da rashin ƙarfi. Gashin da ya yi kaushi yana tsinkewa nan take in an ja shi, danshi yake nema. Wanda ya yi lagwas, yana miƙewa kamar danƙo bai koma ba, nannaɗinsa ya saki, wannan kayan da ke da furotin yake so, irin masu keratin ko furotin alkama ko na siliki. Furotin in ya yi yawa shi ma yana sandarar da gashi, don haka sau ɗaya a wata ya isa, ki bi shi da mai sanya laushi.

Mataki na biyar: shafe-shafe, tun gashi na ɗigar ruwa

Babban kuskuren da na fi gani shi ne a fito daga wanka, a goge kai da tawul, a zauna gashi ya sha iska, sannan a ɗauko mai. A lokacin an riga an makara. Siffar gashi tana kamawa ne yayin da yake bushewa, don haka duk abin da za ki shafa, ki shafa shi gashi na jiƙe sharkaf. Ni a banɗaki nake ajiye kayana saboda wannan.

Mai ba ya jiƙa gashi. Ruwa ne ke jiƙa shi, mai kuwa murfi ne da ke hana ruwan saurin tashi. In kin shafa mai a busasshen gashi, zai yi ƙyalli na ɗan lokaci, cikinsa na nan a bushe, kuma kin ƙara toshe hanyar da ruwa zai shiga. Saboda haka jerin shi ne ruwa, sai abin da ke riƙe ruwa, sai murfi.

Ki fara da kwandishinar da ba a ɗaurayewa, wadda ruwa ne farkon abin da aka rubuta a jikin kwalbarta. Ki shafa a tafin hannu biyu, ki sa kashin gashi a tsakani, ki shafo daga sama zuwa ƙasa, yadda ɓawon zai kwanta. Sai kirim na nannaɗi in gashinki mai kauri ne. Mai siririn sili ta tsallake kirim, zai danne mata gashi ya kwanta ba rai. Sai mai, kaɗan, a bakin gashi: man jojoba ko na argan ga mara kauri, man kaɗanya ko man zaitun ga mai matsattsen murɗi da ke saurin bushewa. Wasu sun fi jin daɗin sa mai kafin kirim, ki gwada duka biyun ki ga wanda gashinki ya karɓa.

Na ƙarshe shi ne jel, kuma shi ne ainihin maganin buzu-buzu, duk da yadda mutane da yawa ke gudunsa don suna ganin yana busar da gashi. Wanda ke busarwa shi ne mai ɗauke da barasar nan mai saurin tashi, wadda ake rubuta Alcohol Denat ko Isopropyl Alcohol a sahun farko na jerin sinadarai. Amma in kin ga Cetyl ko Cetearyl Alcohol a kwandishina kada ki guje su, waɗannan masu maiƙo ne, laushi suke sawa. Aikin jel shi ne ya lulluɓe kowane rukunin nannaɗi da siririyar riga, ya riƙe shi a siffarsa har ya bushe, ya kuma tare laimar iska. Ki shafa shi kamar yadda kika shafa na farko, sannan ki tallafo daga ƙasa ki matsa sama, ki riƙe daƙiƙa biyu ko uku, ki saki. In wani wuri ya fara bushewa kafin ki iso shi, ki fesa masa ruwa.

Mai matsattsen murɗi irin na gida na 4, wanda matsawar nan ba ta fito masa da siffa, tana da wata hanyar. Bayan shafe-shafen, ki kasa gashin ƙanana, ki yi tufka mai igiya biyu ko kalaba a kowane kashi, ki bar su su bushe sarai, ko da zai kai gobe. Sai ki shafa ɗigon mai a yatsu ki warware a hankali. In kika kwance da sauran danshi, aikin ya tashi a banza, zai kumbura nan take. Tsukewar da irin wannan gashin ke yi in ya bushe, har ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka, alamar lafiyarsa ce, gashin da ya lalace ne ba ya komawa.

Mataki na shida: busarwa, da kame hannu

Tawul ɗin wanka mai gashi-gashi yana kama ɓawon sili ya ɗaga shi. Ki nemi tsohuwar rigar auduga mai laushi, ko tawul na maikurofaiba. Matsewa za ki yi, ba gogewa ba. In kina so, ki shimfiɗa rigar a kan gado, ki sunkuya ki sauke gashin a tsakiyarta ya taru a kan kansa, ki naɗe ki ɗaure da hannuwan rigar a ƙeya, minti 10 zuwa 20. Tana tsotse rarar ruwa ba tare da ta ja nannaɗin ƙasa ba.

Daga nan sai abu mafi wuya: kada ki taɓa. Kada ki gyara, kada ki duba ko ya bushe ta hanyar cusa yatsu, kada ki mai da shi bayan kunne. Kowace taɓawa a wannan tsakanin tana raba silin da suka haɗu, kuma a rabe za su bushe. In kina sauri, ki yi amfani da handiraya mai faffaɗan baki kamar kwano, wanda ke baza iska, a kan zafi kaɗan da iska kaɗan. Ki fara da shawagi da ita kusa da kai har jel ɗin ya fara kamawa, sannan ki zuba gashin cikin kwanon ki kai kusa da fatar kai, ki kunna, ki kashe kafin ki matsa wani wuri.

In ya bushe zai yi tauri, ya yi kamar jiƙaƙƙe. Nan ne masu ƙin jel suke yanke hukunci, alhali saura mataki ɗaya. Ki tabbata ya bushe ƙarau har ciki, ki shafa ɗigo biyu na mai a tafin hannu, ki riƙa matsa gashin a hankali daga ƙasa. Rigar jel ɗin za ta farfashe, taurin ya tafi, a bar ki da nannaɗi mai laushi da ke zaune a siffarsa. In kina son cika, ki cusa yatsu a gindin gashi kaɗai ki ɗan girgiza.

Dare da safiya

Rigar matashi ta auduga tana gogar gashi duk juyin da kika yi, tana kuma shan danshinsa. Ki sa hular barci ta satin ko siliki, ko ki canja rigar matashin zuwa irinsu, wanda ya fi sauƙi ga wadda hula ke zame mata cikin dare. Mai dogon gashi ta tattara shi can saman kai kusa da goshi, ta ɗaure sako-sako da ribom mai laushi, zagaye ɗaya. Mai gajere ta yi manyan tufka huɗu ko shida. Kada ki kwanta da jiƙaƙƙen kai.

Da safe ki kwance, ki girgiza, ki ba shi minti kaɗan ya sauka da kansa kafin ki ce ya lalace. Wurin da ya baje, ki fesa masa ruwan da kika sirka da ɗan kwandishina, ki naɗe shi a yatsa, ki saki. Jel ɗin jiya yana farfaɗowa da ruwa, ba sai kin ƙara ba. Ruwan feshin nan ki riƙa haɗa kaɗan kina sabuntawa duk kwana biyu ko uku, domin in ya daɗe yana lalacewa.

Yanayi ma yana da ta cewa. Gilisarin, wanda ke cikin kayan gashi da yawa, janyo danshi yake yi. In iska na da matsakaicin laima yana taimakawa. In laima ta yi yawa sai ya yi ta janyo ruwa gashin ya kumbura, in iska ta bushe ƙwarai kuma ba ya samun abin janyowa, gashin ya yi kaushi. A ranakun laima ki ƙara jel mai ƙarfi ki rage kayan gilisarin. A lokacin bushewar iska ki ƙara kirim da murfin mai, ki rufe kai in za ki daɗe a waje, da abin da cikinsa ke da santsi. In za ki shiga kwamin iyo, ki fara jiƙa gashin da ruwa mai tsabta ki shafa kwandishina, don kada ya sha ruwan kulorin, ki ɗauraye da zarar kin fito.

Abubuwan da ke rusa aikin

Ƙarfen miƙar da gashi yana kaiwa digiri 230 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ke iya lalata keratin har nannaɗi ya ƙi dawowa. In dole ne, ki sa abin kariyar zafi, ki tsaya ƙasa da 180, ki wuce sau ɗaya a kowane kashi, kuma gashin ya zama busasshe sarai. Ƙarfe a jiƙaƙƙen gashi yana tafasa ruwan da ke cikin sili, ya bar kumfa a ciki, wurin ya karye. Rilaksa kuwa tana tsinka ƙulle-ƙulle masu ƙarfi na cikin keratin ne, waɗanda ruwa ba ya taɓawa, kuma abin da ta miƙar ya miƙe ke nan. Wadda ke son komawa gashinta na asali sai ta jira sabon tsiro, ta riƙa lallaɓa mahaɗar tsoho da sabo, domin nan ne ya fi saurin karyewa. Gashi yana tsawo kamar santimita ɗaya ko ɗan fiye a wata, don haka tafiyar ta shekara ce ko biyu.

Kitso da tufka suna hutar da gashi daga yawan taɓawa, amma in sun yi tsauri ɓarnarsu ta fi amfaninsu. Kitson da ya hana ki barci, ya ja miki fatar goshi, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a gefen kai, ki kwance shi a ranar, kada ki jira ya saki. Jan da ake yi wa gashin goshi shekara da shekaru yana kashe ramin tsiron, kuma in ya kai ga tabo ba ya sake fitowa. Wannan yana ba ni tausayi musamman a kan yara, waɗanda ba sa iya cewa a sassauta.

Bakin gashin da ya tsage ba abin da ke ɗinke shi, duk abin da aka rubuta a jikin kwalba. Tsagar hawa take yi sama. Duk wata uku ko huɗu ki duba, ki datse abin da ya tsage ko ya yi ƙananan ƙulli, da almakashi mai kaifi da aka keɓe wa gashi. A bushe ya fi kyau a datse nannaɗaɗɗen gashi, a yadda yake zama, domin a jiƙe yana yaudara, a yanke fiye da yadda aka yi niyya.

Amosanin ka ma ana yawan yi masa gurguwar fahimta. Ana ganin farin gari a ɗauka bushewa ce, a ƙara mai a fatar kai, alhali sau da yawa wani naman gwari ne mai suna Malassezia ke haddasa shi, kuma maiƙo yake ci. Shamfu mai ketokonazol ko seleniyam salfaid shi ne ke maganinsa, a shafa a fatar kai a bar shi minti biyar kafin a ɗauraye, a bi da kwandishina sosai a tsawon gashin domin yana busarwa. In bayan wata guda ba sauƙi, ko kika ga gashi na zubewa a wuri ɗaya ya bar fili, ko tsakiyar kai na raguwa tare da zafi ko ƙaiƙayi, ki je wurin likitan fata da wuri.

In za ki fara bin waɗannan matakan, kada ki sayi kaya goma rana ɗaya. Shamfu mara ƙarfi, kwandishina mai sulɓi, jel ɗaya, da tsohuwar riga sun isa farawa. Ki canja abu ɗaya a lokaci guda, ki ba shi wanki uku kafin ki yanke masa hukunci, ki ɗauki hoton gashin a wuri ɗaya da haske ɗaya bayan kowane wanki, ki rubuta abin da kika shafa da yadda iskar ranar take.